Sharar da Muka Yi wa Kwamiti

Ni ce na kai tsintsiyoyin. Gara in faɗi haka tun da fari, domin duk lokacin da maganar nan ta taso a gidanmu gwamnati ake ɗora wa laifi, ni ma ina taya su, har na fi kowa iya zagin. To amma tsintsiya shida na saya a kasuwar Dutse da hannuna, na haɗa da sababbin tabarmi biyu, na ɗaure, na sa a bayan motar haya zuwa ƙauyenmu. Babu wanda ya aike ni.

Ƙauyen namu yana can bayan Miga, a bakin fadama. Ni aure da aikin koyarwa suka kawo ni Dutse, ina zaune a Limawa da maigidana da yaranmu, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare. A gida akwai Baba da Inna, sai Yayana da matarsa da 'ya'yansu. Sai kuma shanun huɗar Baba guda biyu, fari da ja, waɗanda in gaskiya za a bi sai an ambace su kafin a ambace mu. Baba yakan leƙa turkensu kafin ya amsa gaisuwar kowa da safe. Inna tana cewa ita sai ta kwana uku tana tari bai ji ba, amma jan nan ya yi atishawa sau ɗaya, an tafi neman jiƙo ke nan.

Ba son banza yake musu ba. Baba ya tsufa, bayansa ya daina yarda da sunkuyo, fartanya ta fi ƙarfinsa. Amma idan aka ɗaura wa shanun garma yakan bi su daga wannan kan gona zuwa wancan yana yi musu magana, a wuni ɗaya su huɗe abin da ƙarti ba za su gama a kwana uku ba. Su ke jan amalanke su kai taki gona, su kwaso dammunan gero, su ɗauko ƙasar gini, su kai mai naƙuda bakin titi. Muddin suna nan Baba manomi ne. In babu su, tsoho ne kawai da yake da gona.

Shekarar da ruwa ya ci mu, gero ya riga ya yi ido, saura kaɗan a fara girbi. Ina tsakar gida ina wanki bayan azahar Yaya ya kira ni. Bai ko yi sallama ba, ya ce jinga ta ɓalle. Jingar nan mutanen gari ne suka yi ta da buhunan ƙasa, duk damina suna toshe inda ta ɓule, domin ciyawar kacala ta cinye hanyar ruwa shekara da shekaru, kogin kuwa in ya rasa hanya ta kanmu yake bi. An kai kuka har an gaji. Kafin la'asar an kwashe mata da yara zuwa firamaren da ke kan tudu. Baba ya ƙi fita sai da ya kwance shanunsa da kansa, ya ja su cikin ruwan da ya kai masa ƙirji.

Ruwan ya kwanta kusan mako uku. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa farat ɗaya, jiƙa yake yi ta ƙasa yana zama a hankali. Da ya janye, katangar gidanmu ta gaba ta kwanta gaba ɗaya, ɗakin Inna ya rufta, rumbuna biyu sun durƙushe a kan hatsin bara. Geron gona ya ruɓe a tsaye. Harawar shanu ma ta tafi. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba a garinmu.

Yaya mutum ne mai lissafin nesa, kuma ba ya ɓoye abin da ke ransa. Tun suna fake a firamaren tudun ya ce a sayar da shanun yanzu da sauran tsoka a jikinsu, a sayi hatsin da zai riƙe gida, don babu abin da za a ba su, babu abin da mu ma za mu ci. A waya Yaya yake ba ni labari, ni kuwa na hau shi da faɗa kamar ba yayana ba. Na ce babu mai sayar da sa ko ɗaya. A rediyo an faɗa, na ji da kunnena: an kafa kwamiti, za a bi gari-gari, gida-gida, duk wanda sunansa ya shiga takarda za a ba shi hatsi da iri da kwanon rufi da siminti. Na ce ya ba Baba wayar.

"Baba, ka kwantar da hankalinka. Wannan gwamnatin tamu ce."

"To, Uwata," in ji shi. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Tun da kin faɗa."

Ina da dalilin cika baki. A zaɓen da ya wuce ni na tara matan garinmu. Gida-gida na bi da hijabina, ina nuna musu inda za su dangwala, har tsofaffin da ba sa fita sai biki ko gaisuwar mutuwa na fito da su suka tsaya a rana. Na yarda da abin da nake faɗa, wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi yanzu. Da don atamfar da aka raba mana na yi, da sai in ce ciniki ne an gama. Ni kuwa da zuciya ɗaya na yi.

Maƙwabcinmu a Limawa direba ne a wani ofishi. Matarsa ta raɗa mini cewa ranar Litinin mai zuwa kwamiti zai bi ta wajenmu. Ranar Alhamis na nemi izini a makaranta, na biya kasuwa, na kama hanya ta Jahun.

Tun daga nesa warin ya tare ni. Hatsin da ya jiƙa ya ruɓe yana da wani irin ɗoyi da ba ya barin maƙogwaro. Na tarar da garin yadda ruwa ya bar shi: ɓaraguzai ko'ina, laka ta bushe ta tsattsage, matattun kaji a lungu, tsummokara a rataye jikin bishiya. Abin da ya fi taɓa ni, daga kan hanya na hango Inna tsugune tana hura wuta. Matar da tun da nake ban taɓa ganin namijin da ba muharraminta ba ya ga murhunta, ga ta nan a fili, mai wucewa ma yana iya ƙirga tukwanenta. Kunya ta rufe ni tun kafin in sauke kaya. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, a haka manyan baƙi daga Dutse za su zo su same mu?

Ashe ba ni kaɗai nake wannan tunanin ba. Da na isar da saƙo, Baba ya tafi wajen mai unguwa, bayan sallar Juma'a aka tara maza a gindin tsamiya, aka yanke cewa gobe gayya. Garinmu an san shi da gayya. Ko noma, ko rufin ɗaki, ko haƙar kabari, da an yi kira kowa zai fito da abin aikinsa, mata su dama kunu, ba a tambayar gidan wa ake yi wa. Kuma a wajenmu ba a tarar baƙo cikin ƙazanta. Ko mai tallan magani ne ya sauka sai an yayyafa ruwa an share masa wuri, balle wakilan hukuma.

Kwana biyu aka yi ana aiki kamar za a yi biki. Maza suka haƙa babban rami a bayan gari, aka kwashe ruɓaɓɓen hatsin kowane gida aka zuba, aka binne. Aka yanko ciyawa aka saƙa zana, aka kafa danga inda katangu suka faɗi, kowane gida ya samu sutura. Ni na jagoranci mata, na raba tsintsiya, ina tsaye a kansu kamar ranar duba makaranta. Har ƙofar masallaci muka share muka yayyafa ruwa.

Sai batun ɓaraguzai. Ruwa ya zaizaye hanyar da ta shigo gari daga titi, mota ba za ta iya bi ba. Wani dattijo ya ce ai ga ƙasa nan a kwance tana jiran aiki. Baba ya ɗaura wa shanunsa amalanke. Tun safe har yamma suna kai da komowa, suna kwashe katangarmu da ɗakin Inna da rumbunan da na maƙwabta, ana zubawa a ramukan hanya ana daddaɓewa. Shanun sun riga sun fara ramewa, amma suka yi aikin. Baba yana gefensu yana yi musu kirari, ranar ce kaɗai na ga ya yi dariya tun da na zo.

Mutum ɗaya ce ta yi magana a duk garin, matar Yaya. Ba ta yi boko ba, kuma ba ta cika tanka mini ba. Muna shara ta miƙe ta dafa ƙugu.

"Malama, wai in mun kwashe komai, me za su gani in sun zo?"

"Ba su da baki ne?" na ce. "Za su tambaya, mu faɗa musu. Ko so kike su same mu kamar mahaukata a kan juji?"

Ta sunkuya ta ci gaba da shararta. Har yau ba ta taɓa tuna mini ba, ni kuwa ban taɓa mantawa ba.

Ranar Litinin tun hantsi aka shirya. Aka aro kujerun roba daga makaranta, aka jera a gindin tsamiya, aka shimfiɗa tabarmina. Inna ta sa aka yanka zabi biyu cikin 'yan da suka tsira don sun kwana a kan bishiya. Fulanin da ke maƙwabtaka da mu, waɗanda su ma ruwa ya tafi musu da maruƙa, suka aiko da ƙwaryar nono, aka dama fura da geron da aka harhaɗo gwangwani-gwangwani daga gidaje. Baba ya sa babbar rigarsa ta Idi, wadda ta tsira saboda Inna ta fita da akwatin a ka. Ni na goge masa ita da dutsen guga na gawayi.

Sai bayan la'asar suka iso, mota biyu, suka bi ta kan katangarmu lafiya lau har gindin tsamiya. Su biyar ne. Shugabansu mutum ne mai fara'a da dogayen gaisuwa, sai wata budurwa mai gilashi da ke riƙe da babbar waya. Aka zaunar da su, aka gabatar da abinci. Sun sha hanya, ba su yi fulako ba. Shugaban ya sha furar nan ya ce rabonsa da irinta tun kakarsa na raye.

Da ya goge baki ya juya wajen dattawa. Mai unguwa ya nuna Baba, don shi ne babba a shekaru.

"To Baba, yaya aka ji da wannan jarrabawa?"

"Alhamdulillahi, ranka ya daɗe. Allah ya sassauta mana. Ba mu rasa rai ba."

"Asara fa?"

"An taɓa kaɗan. Amma mun ji na wasu garuruwan, namu da sauƙi."

Sauran dattawan suka gyaɗa kai. Haka ake amsawa a wajenmu. Mutumin kirki ba ya zama gaban baƙo ya jera masa abin da ya rasa, sai dai baƙon ya duba da idonsa ya gane. Ni ina bayan mata ina jiran a sake tambaya, domin a garinmu sai an tambayi mutum sau uku yake fara faɗin ciwonsa. Ba a sake ba.

Budurwar ta ce a nuna mata gidajen da suka rushe. Aka kai ta ƙofar gidanmu. Ta dubi sabuwar zana, ta dubi ƙasa a share fes, har sawun tsintsiya ana gani.

"Ina ginin da ya faɗi?"

"Mun kwashe," in ji Yaya.

"Rumbunan fa?"

"Su ma. Hatsin mun binne, yana wari."

Ta duba wayarta. Ta ce ita dai an ce mata dole kowane suna ya tafi da hoton maigida a gaban abin da ya rushe. Ta ce Baba ya tsaya a nan. Baba ya gyara hularsa, ya daidaita hannun riga a kafaɗa, ya tsaya a gaban zanar ya ɗan saki fuska, don an koya masa ba a ɓata rai a hoto.

Na kutsa gaba na ce, "Yallaɓai, a gafarce ni, hanyar da kuka biyo ɗin nan ita ce katangar gidan nan. Jiya-jiya aka kwashe." Baba ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya. Na san kallon tun ina ƙarama: maza na magana da baƙi. Na ja baya. Shugaban ya yi murmushi ya ce, "Malama, kada ki damu, ai mun gani. Wallahi garinku ya burge ni. Ku Allah ya rufa muku asiri." Dattawa suka ce amin. Ba su cika awa ɗaya ba, suna so su hau titi kafin magariba. Da za su tafi Baba ya sa aka kamo zabuwa guda aka ɗaure mata ƙafa aka sa musu a bayan mota, don baƙo ba ya tafiya hannu biyu.

Bayan mako biyar aka manna takardar sunaye. Yaya ya hau mashin ya je Miga ya karanta daga sama har ƙasa, ya sa wani ya sake karanta masa. Babu ko mutum ɗaya daga garinmu. Wani ƙauye da ke bakin titi, wanda ruwan da ya shige su bai kai rabin namu ba, kusan kowane gida ya fito. Su ba su taɓa ko tubali ɗaya ba, a kan ɓaraguzan suka zauna har aka zo. An ce ma wani ya ture bangon akurkin da ya rage masa da safen ranar.

Daga nan ƙafata ta san hanyar wani ofishi a Dutse fiye da yadda ta san ta makaranta. In tashi daga aji in hau babur mai ƙafa uku in je, a ce oga yana taro. In koma, a ce ya tafi rabon kaya. In koma, a ce in rubuto. Na rubuta da Hausa, na rubuta da Turanci, maigidana ya gyara mini. Masinjan ƙofa har ya fara kirana 'yar gida. Duk wannan lokacin ina aika wa gida abin da ya samu, amma albashin malamar firamare ba ya ciyar da gida biyu da shanu biyu. Duk sanda Yaya ya kira sai in ce a ƙara mini mako ɗaya.

Ranar da na samu ganin ogan, bai wulaƙanta ni ba, shi ya sa ma na rasa inda zan sa fushina. Ya saurare ni har na gama. Ya sa aka nemo hoton, ya juyo mini da kwamfutar. Ga Baba cikin babbar riga mai guga, fuska a sake, ga sabuwar zana, ga ƙasa a share. Daga gefe kan farin san ya leƙo.

"Malama, tsakani da Allah, in ke ce a kujerar nan, za ki ce wannan ruwa ya ci shi?"

"Yallaɓai, ku tura a tona ramin da muka binne hatsin. Yana nan. Ni zan kai su."

"An rufe takarda. Ta wuce sama."

"To a buɗe mana. Mutane ne a ciki."

"Ba a hannuna yake ba. Ki yi haƙuri." Sannan ya ƙara, kamar mai ba ni shawarar arziki, "Gaba in irin haka ta faru, ku bar komai yadda yake."

Na fito daga ofishin. Ban taɓa jin na tsani kalmar haƙuri ba sai ranar. Gwamnati guda da motocinta da ma'aikatanta, a ce ba ta da hanyar sanin gari ya yi mako uku a cikin ruwa sai ta ga hoton tsoho a gaban tarkace. Ba su tambayi malaman makarantar da mutanenmu suka fake a cikinta ba. Ba su leƙa gona ko ɗaya ba, ga karan gero nan baƙi ƙirin a kwance, tafiyar minti biyar daga inda suka sha fura.

Na gwada ƙofa ta ƙarshe, shugabar matan da na yi wa aiki lokacin zaɓe. Gidanta yana Takur. Na daɗe a falo kafin ta fito da waya a kunne. Ta ji bayanina rabi da rabi, ta ce, "Ku ma dai kun yi garaje. Wa ya ce ku yi shara?" Ta sa aka ɗauko mini katan ɗin taliya da bokitin roba mai hoton ɗan takara a jiki. Na so in bar mata kayanta a nan in fita. Ban bari ba, na ɗauka, don akwai yara a gidan Yaya. Har na isa Limawa ina jin haushin hannuna.

Da sanyi ya shigo, ƙashin bayan shanun ya fito, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga ƙofar gida. Wata Asabar na je. Baba ya kira ni gefen turke, yana shafa wuyan jan.

"Uwata, ki daina zuwa ofishin nan. Kin yi iyakar yinki."

"Baba, akwai wani da aka ce in gani ranar Talata."

"A'a. Zalunci ne in ci gaba da riƙe su. Ba su yi mini laifin komai ba."

Washegari Yaya ya kora su kasuwar Gujungu. Baba bai bi shi ba, bai ma fito rakiya ba. Ya shiga tsakar gida ya zauna ya ba ƙofa baya, yana jan carbi har ƙarar kofatonsu ta ɓace. Saboda ramar da suka yi, abin da aka samu bai kai rabin abin da za a samu ba da an bi maganar Yaya tun farko. Hatsin da aka saya bai kai mu damina ba. Babu wanda ya ce mini ke kika jawo. Da Baba ya zage ni ko sau ɗaya, ina jin da na fi samun sauƙi.

Daminar da ta biyo, kashi ɗaya cikin uku na gonar aka iya nomawa. Yaya ya fara tafiya ci-rani, daga baya ya zama ba ya dawowa sai da Sallah. An sake tayar da katangar gidan, gajeriya, da ƙasar da aka ɗebo a ka. Da zaɓe ya sake zagayowa aka aiko mini da atamfa har gida, wai ana jira in fara zagaya mata. Ban yi wa 'yar aiken faɗa ba, ba ta san komai ba. Ranar zaɓen wanki na yi. Wasu abokan aikina suna cewa a gwada ɗaya ɓangaren, na ce su gwada, ni na riga na ga takardar kwamitin, kuma ko wa ya hau mulki ita zai tarar a kan teburin.

Damina biyu bayan ta farko jingar ta sake ɓallewa. Ruwan bai kai na da ba, amma ya isa ya kwantar da sabuwar katangar. Wannan karon ba a kira gayya ba. Mai unguwa bai ko tara mutane ba, kowa ya riga ya ɗauki darasi. Wasu samari biyu da ba su ji ba suka zo ƙofar gidanmu da shebur, Baba ya kore su. Ya ce kada wanda ya taɓa masa ko dunƙule ɗaya sai hukuma ta zo ta gani. Duk garin haka aka yi. Aka zauna cikin wari da ƙudaje da sauro, yara suna zazzaɓi, kowa yana gadin tarkacensa. A rediyo an ce an kafa kwamiti.

Na jira sati shida ban ji motsinsu ba, na shirya na tafi. Hanyar ta bushe, direban motar haya ya yarda ya shiga da ni har cikin gari. Tun daga kwanar hanya na hango gidanmu a buɗe. Inna ta ɗaura tsohon zane a igiya tsakaninta da hanya, tana girki a bayansa, ƙafafunta a waje. Baba yana zaune a gindin bishiya da wata riga da ban san shi da ita ba, ta yage a kafaɗa, irin wadda da ko gona ba zai je da ita ba.

Da ya ji ƙarar mota sai na ga ya yunƙura da sauri, yana dafa sanda. Ya taka har gaban katangar da ta faɗi, ya cire hularsa ya cusa a aljihu, ya tsaya cak, hannuwa a gefe, fuska a murtuke, yana fuskantar motar. Direban ya tsaya. Na buɗe ƙofa na fito da jakata.

Ya daɗe yana kallona. Ya leƙa bayana ko akwai wani a cikin motar.

"Au, Uwata, ke ce," ya ce. "Sannu da hanya."

Ya lalubo hular ya mayar kansa, ya koma gindin bishiyar ya zauna inda zai riƙa hango hanya.